A BA MU TAFINTA: SHARI'AR DA MUTUM BAI JI BA ZALUNCI CE

Ya ku 'yan'uwa magidanta da iyayenmu mata mazauna Legas, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago da sauran unguwanni, yau ina so in yi magana a kan wani ciwo da ya daɗe yana cin jama'armu muna ta rufe shi da tsumma. Na san maganar za ta ɓata wa wasu rai, har da waɗanda muke zama taro ɗaya da su, to amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Cikin daminar bara aka buga mini waya da sassafe, aka ce za a kai wani yaronmu kotun majistare. Yaron daga ƙasar Haɗejia yake, tura baro yake yi a kasuwa, bai cika wata shida da zuwa Legas ba. Wani mutum ne ya kira shi ya ɗora masa buhu biyu na albasa, ya ce ya kai masa bakin titi. Kafin ya kai aka tare shi, mutumin ya sulale, ashe albasar ta sata ce. A caji ofis aka rasa mai jin Hausa, sai aka leƙa waje aka kira wani mai shayi, wanda ɗan Turancin burokar da yake ji bai wuce na ciniki ba. Yaro ya ce, "Ku yi haƙuri, ni ɗaukata aiki aka yi." Abin da ya shiga takarda kuwa shi ne wai ya amsa cewa shi ya ɗauki kayan, kuma yana roƙo a yafe masa. Aka kama babban yatsansa aka dangwala.

A kotu aka karanta masa tuhuma da Turanci, akawu ya tambaye shi ko ya gane, shi kuwa ya ce "yessa", domin ita ce kalmar da ya ga kowa yana faɗa wa manya. Ba don na taɓo wani lauya da ke zaune kusa da ni ba, na roƙe shi ya tashi ya gaya wa majistare cewa yaron nan bai ji ko kalma ɗaya ba, da a ranar an rubuta ya amsa laifi. Majistare ya yi adalci, ya tsayar da shari'a ya ce a nemo tafinta. Neman tafintan nan sai da ya ci zama uku, yaro yana tsare a gidan yari har mako bakwai, kafin mai albasar da kansa ya zo ya ce ba wannan ne ya yi masa sata ba. Ya fito ba baro, ba jari, ga ƙazuwa ta cika masa jiki. Muka haɗa masa kuɗin mota ya koma gida.

To, ina tambaya, ranar nan da ban je ba fa? Kuma yaranmu nawa ne aka kai kotu a ranakun da babu kowa namu a wurin? Alƙaluman hukumar gidajen yari sun sha nuna cewa kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu hukunci ba. Duk wanda ya taɓa kai ziyara gidan yari a Kudu ya san da ya yi sallama da Hausa, murya nawa za su amsa masa.

ABIN DA DOKA TA CE

Ni ba lauya ba ne. A ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, da gemuna, bayan na tashi daga kasuwa. Amma abin da zan faɗa a rubuce yake, kowa yana iya sa ɗansa ɗan makaranta ya duba masa.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 35, ya ce duk wanda aka kama dole a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, kuma da harshen da yake ji. Sashen ya ba shi ikon yin shiru, kada ya amsa kowace tambaya sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa da kansa. Sashe na 36 kuma ya ce wanda ake tuhuma da laifi dole a yi masa bayanin laifin dalla-dalla da harshen da yake ji, kuma in ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Wato tafinta haƙƙi ne da doka mafi girma a ƙasar nan ta ba talaka. Alƙalin da ya ba ka tafinta bai yi maka alfarma ba, aikinsa ya yi.

Bugu da ƙari, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 17, ta ce in wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ne zai rubuta bayaninsa, ya karanta masa har ya gane, sannan tafintan ya sa sunansa da adireshinsa da sana'arsa a takardar. Jihar Legas tana da tata dokar tun 2007, aka sabunta ta a 2011, wadda ta ce in mutum zai amsa laifi a hannun 'yan sanda, a ɗauki bayanin a bidiyo, in babu bidiyo a yi shi a gaban lauyan da ya zaɓa. A 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa bin wannan sharaɗi wajibi ne. Haka kuma a 2012 ta jaddada cewa in ta bakin tafinta aka ɗauki bayanin amsa laifi, dole tafintan ya zo kotu ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ba ta da amfani. Da mai shayin nan ya san wata rana za a iya tsayar da shi a akwatin shaida a yi masa tambayoyi, anya zai karɓi aikin da bai iya ba?

Amma ga inda gizo ke saƙa, ku saurara da kyau. Tun 1983, a shari'ar da aka fi sani da ta Gwonto, wadda ta taso daga Jihar Filato, Kotun Ƙoli ta ce alhakin wanda ake tuhuma ne ko lauyansa ya sanar da kotu cewa ba ya jin harshen da ake magana da shi. In ya yi shiru aka gama shari'a, musamman in yana da lauya, da wuya a saurari kukansa a wajen ɗaukaka ƙara. Ke nan "yessa" ɗin nan da muke faɗa don ladabi, igiya ce muke ɗaura wa kanmu a wuya.

JIN HAUSA DABAN, TAFINTA DABAN

Laifi na farko da nake gani a caji ofis da kotuna shi ne ɗauka da ake yi cewa duk wanda ya iya "sannu" da "nawa ne" ya isa tafinta. Sai a kira ɗan sandan da ya taɓa aiki shekara biyu a Kaduna, ko mai gadi, ko wani da ke tsare a ɗaki ɗaya da mutum. Wani lokaci ma ɗan sandan da ke binciken shi ne tafintan, wato an ba kura ajiyar nama.

Ku duba yadda maganarmu take. Bahaushe yana cewa "a yi haƙuri" ko da shi aka cuta, don ya kwantar da fitina. A takarda sai ta koma amsa laifi. Yana cewa "na ji", yana nufin maganar ta shiga kunnensa. Sai a rubuta ya yarda. Yana cewa wane "ɗan'uwana ne" don garinsu ɗaya. In lauyan ɗaya ɓangaren ya gano ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, sai ya ce ga maƙaryaci. "Yarona" a kasuwa yana nufin mai yi mini aiki. "Maigidana" a fataucin shanu da goro yana nufin wanda nake sauka a wurinsa yana tsaya mini a ciniki. Ajiya daban take da bashi, bashi daban yake da jingina, amma tafintan da bai san kasuwa ba kalma ɗaya zai ba su duka. Dattijo zai ce abin ya faru bayan la'asar, kwana uku kafin babbar salla. In tafinta bai iya mai da wannan zuwa ƙarfe da kwanan wata ba, sai a ce shaida yana kame-kame. A kan irin waɗannan ƙananan kalmomi ake ɗaure mutum shekaru, ko a raba shi da shagonsa.

Kada kuma mu manta, a nan Kudu duk wanda ya sa doguwar riga da hula Bahaushe ake ce masa. Alhali a cikinmu akwai Barebari da Fulani da Zabarmawa da Buzaye da Shuwa da Nufawa, waɗanda wasunsu Hausar tasu ta gaisuwa ce kawai. In an kawo wa Bafulatanin daji tafintan Hausa, an cika takarda, amma mutumin yana nan cikin duhu.

KURAME DA SAURAN WAƊANDA MUKA MANTA

Wanda ya fi kowa shiga uku shi ne kurma. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu da suka gada, maganar hannu, wadda har wata Bajamushiya mai bincike, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafi a kanta a shekara ta 2000. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame kuwa daga ta Amurka ta samo asali, ta hanyar Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Su biyun ba ɗaya ba ne. Saboda haka ko kotu ta yi ƙoƙari ta kawo tafintan kurame na makaranta, kurmanmu mai wankin takalmi da bai taɓa shiga aji ba yana iya tsayawa yana kallon hannun tafintan kamar yadda yaron Haɗejia ya tsaya yana kallon bakin akawu.

Dokar shaida ta 2011, a sashe na 176, ta yarda wanda ba ya iya magana ya ba da shaida da rubutu ko da alama a gaban kotu. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta a ware mutum saboda lalurarsa, Legas ma tana da tata tun 2011. Doka tana nan. Amma wa zai tashi ya nema wa kurma? Haka mai in'ina, wanda in an daka masa tsawa maganar take ƙara sarƙewa, sai a ce alamar rashin gaskiya ce. Haka tsohon da kunnensa ya yi nauyi yana gyaɗa kai don kunya. Haka makahon da ake kama hannunsa a dangwala. Haka matar aure da aka ci zarafinta, aka kawo namiji maƙwabcinta ya zama tafinta. Ta yaya za ta buɗe baki ta faɗi abin da aka yi mata?

LAUYOYIN DA KE CIN KUƊINMU

Yanzu na zo kan lauyoyi. Akwai na kirki, na ambaci ɗaya a sama wanda ya tashi bai karɓi ko sisi ba. Amma akwai waɗanda unguwannin Hausawa suka zama musu gona. Za su karɓi kuɗi a dunƙule, su yi magana da ɗan kamasho ko maigida, shi kuwa mai shari'ar ba a taɓa zama da shi minti goma an ji ta bakinsa ba. A fito daga kotu ka tambayi mutum me aka ce, sai ya ce "lauya ya ce mu dawo." Yaushe? Don me? Bai sani ba. Lauyan da bai ji labarinka daga bakinka ba, da me zai kāre ka?

Ku sani kuma, tafintan kyauta da sashe na 36 ya ambata na shari'ar laifi ne. A rigimar haya da fili da bashi da gado, in ba ka yi shiri ba kai za ka kwana ciki. Nan ne ake cin mu da takarda. Tun zamanin Turawa akwai dokar kāre wanda bai iya karatu ba, wadda ta ce duk wanda ya rubuta takarda a madadinsa dole ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar cewa an karanta masa an yi masa bayani kafin ya dangwala. Yarjejeniyar shago nawa muka sa wa hannu babu wannan? Dokar haya ta Legas ta 2011 ta tanadi notis na wata shida ga mai biyan haya shekara-shekara, wata ɗaya ga mai biya wata-wata, in ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba. Ku lura da wannan "in ba a rubuta ba". Na ga magidanci da ya dangwala wa takardar da ta rage masa wa'adin, ya ajiye notis a ƙarƙashin katifa yana zaton rasit ne, sai da ya ga kayansa a waje.

Akwai wuraren da aka kafa domin talaka ya samu lauya kyauta: Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya tun 1976, Ofishin Lauyan Talakawa na Jihar Legas tun 2000, Cibiyar Sasanta Jama'a ta jihar tun 1999, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙasa tun 1995. Da harajin kowa ake gudanar da su, har da kuɗin tikitin da ake karɓa a hannun mai baro kullum. Mutum nawa a cikinmu suka san da su? Abin da muke nema gare su shi ne su sa Hausa a allunansu da takardunsu, su ware ranar da mai jin Hausa zai zauna, su riƙa shigowa unguwanninmu.

MASU CEWA MU YI SHIRU

Wasu za su ce, ai laifinku ne, ku koyi Turanci. Na yarda a koya, ni shaida ne, kuma ina roƙon kowane magidanci ya shiga aji ya sa iyalinsa. Amma wanda aka kama yau ba zai jira ya gama aji uku kafin a karanta masa tuhuma ba. Kuma Turancin kotu ko masu digiri sai an fassara musu. Wasu za su ce gwamnati ba ta da kuɗin tafinta. Abincin da yaron nan ya ci mako bakwai a gidan yari, da motar da ta yi ta kai shi tana dawo da shi, kyauta aka samo su? Wasu kuma, har da dattawanmu, za su ce mu baƙi ne, kada mu ja da hukuma. Baƙin wa? Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci don ƙabilarsa ko garinsu. Sashe na 55 ma ya ambaci Hausa da sunanta, tare da Ibo da Yarbanci, cikin harsunan da za a iya aikin Majalisar Tarayya da su. Neman tafinta bin doka ne, ba tsaurin ido ba.

NAMU LAIFIN

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu shugabanni, nawa muke kashewa a naɗin sarauta da anko da tarbar 'yan siyasa? Ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ya isa ya riƙe tafinta biyu shekara guda. In an kama mutum, abin da muka iya shi ne a bi shago-shago a tara kuɗi a kai caji ofis, alhali 'yan sanda da kansu suna liƙa takarda a bango cewa beli kyauta ne. Kuma mu faɗi gaskiya, akwai 'yan'uwanmu da ke zaman ƙofar caji ofis, abincinsu shi ne rashin jin Turancin ɗan'uwansu. A ce dubu ashirin, su ce hamsin aka ce. Irin waɗannan ba za su so wannan rubutu ba, kuma ban yi don su so ba.

ABIN DA ZAN KAWO GABAN TARO

1. A buɗe rajistar tafintoci a ofishin ƙungiya: Hausa, Fulatanci, Barbarci, Zabarmanci da maganar hannu, maza da mata. A gwada su a gaban lauya kafin a rubuta sunansu. Muna da 'ya'yan da aka haifa a nan masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci, suna zaune ba aiki.

2. A kai wannan rajista ga magatakardan kotunan da ke kusa da mu da manyan jami'an caji ofis, a rubuce, don kada a sake ɗage shari'a da sunan an rasa tafinta.

3. Kowane shago ya riƙa ba da naira 500 a wata, a ajiye a asusu na daban, a riƙa karanta lissafinsa a taro.

4. Duk lauyan da ƙungiya za ta tura wa mutum, sai ya yarda zai zauna da mai shari'ar da tafinta kafin zama da bayan zama, kuma ya ba da rasit.

5. A buga ɗan kati da boko da ajami da Turanci mai cewa: ba na jin Turanci, ina neman tafinta da lauya, ba zan sa hannu ba sai an karanta mini. Kowane ɗan acaba da mai baro da mai gadi ya sa a aljihu.

6. A zauna da shugabannin kurame da makafi na unguwanninmu, su zaɓi wakilansu da kansu.

7. Kada wanda ya sake dangwala wa takardar haya ko fili ko bashi sai an kawo ta ofis an karanta masa.

Kafin taro ya zauna, ga abin da kowane magidanci zai iya yi daren yau. Ka tara iyalinka da yaran shagonka ka gaya musu: in an kama ka, kada ka ce "yessa" ga abin da ba ka ji ba, ka ce ba ka ji, ka maimaita a gaban alƙali da babbar murya har a rubuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina roƙon kowa ya halarci taron ƙarshen wata, har da iyayenmu mata, kuma wanda ke da ɗan'uwa a tsare ya zo da sunansa da kotun da ake shari'arsa. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare ba da haƙƙinsu ba, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.

Sakataren Ƙungiya